Zamfara ba teku, amma gansakukar teku na aiki a asibitocinmu

Daga Gusau zuwa bakin teku a Legas, ko tsuntsu ne ya tashi a miƙe sai ya ci fiye da kilomita 700. Yawancinmu a waya da talabijin kawai muka san teku. Don haka idan na ce muku akwai wani tsiro na cikin ruwan gishiri da ake aiki da shi kullum a ɗakunan gwaje-gwaje na manyan asibitoci, irin su Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, wasunku za su ce ɗan jami'a ya fara zuba. To ku ɗan saurara.

Kun san gansakuka, koren abin nan mai santsi da ke kwanciya a gefen gulbi a Bungudu idan ruwa ya ja da baya, ko a cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba. Tana da dangi manya a teku, wasu kore, wasu ruwan ƙasa, wasu ja. A kan ja ɗin za mu yi magana. A littafin Bayoloji za ku ga an kira su Rhodophyta, kuma masana sun ƙidaya kimanin nau'i 7,000. Ba su da saiwa, ba su da fure. Suna manne wa dutse ne a ƙarƙashin ruwa, suna haɗa abincinsu da hasken rana kamar kowane tsiro. Jan launinsu dabara ce: shuɗin haske shi ne ya fi nutsewa can ƙasan ruwa, jan sinadarin da ke jikinsu kuwa shi yake iya cafko wannan haske. Shi ya sa aka taɓa samun wani nau'i nasu a raye a zurfin mita 268 kusa da tsibiran Bahamas, inda kusan duhu ne.

A 'yan shekarun nan ana ta yayata cewa a cikin wannan gansakuka akwai maganin kusan kowace cuta. Akwai gaskiya a ciki, akwai kuma ƙari mai yawa. Kafin mu je can, bari mu fara da aikin da ta riga ta yi wa likitanci, wanda babu mai musu a kansa.

Romon ƙafar saniya da shawarar wata uwargida

Wajejen 1880, masu binciken ƙwayoyin cuta a Jamus suna da wata matsala. Idan kana son sanin wace ƙwayar cuta ce ke damun mutum, dole ka shuka ta ita kaɗai, ta yi yawa, ka gan ta. A cikin ruwa ba ta yiwuwa, domin duk ƙwayoyin cakuɗewa suke yi. Ana bukatar wuri mai ƙarfi kamar fili, inda kowace ƙwaya za ta tsaya a gurbinta ta hayayyafa. Sun gwada yankakken dankalin turawa. Sun gwada jelatin, wato abin nan da ke sa romon ƙafar saniya ya daskare idan ya kwana da hunturu. Amma kun san abin da ke faruwa da wannan romo da zarar ya ji ɗumi: narkewa yake yi. Ƙwayoyin cutar da ke kama mutum kuwa sun fi son ɗumin jikin mutum, digiri 37 a ma'aunin Salshiyos, kuma a nan jelatin ya riga ya zama ruwa. Wasu ƙwayoyin ma cinye shi suke yi.

Wani likita mai suna Walther Hesse, wanda ya yi aiki da shahararren masanin nan Robert Koch, yana cikin masu fama da wannan. Matarsa Fanny Hesse ita ke dafa masa romon da yake shuka ƙwayoyin a ciki, ita ke zana masa hotunansu. A 1881 ta ba shi shawarar ya gwada wani abu da take daskarar da kayan zaƙi da shi a ɗakin girkinta, wanda ba ya narkewa ko da zafi. Ta san shi ne daga maƙwabta da suka taɓa zama a tsibirin Java na ƙasar Indunusiya. Sunansa aga, kalmar daga harshen Malay take, kuma daga jar gansakukar teku ake tatso shi.

Aga yana da wata ɗabi'a mai ban mamaki. Ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85, amma idan ya narke, ba ya sake daskarewa sai ya huce zuwa wajen digiri 40 ko ƙasa. Ke nan ko a tsakiyar zafin watan Afrilu a Gusau, farantin aga yana nan daram. Ga shi garau, ana ganin abin da ya tsiro a kai. Ga shi yawancin ƙwayoyin cuta ba sa iya cin sa. Koch ya ambaci aga a rahotonsa na 1882 kan ƙwayar tarin fuka, amma bai ambaci sunan Fanny ba, kuma ita da mijinta ba su nemi ko kwabo a kan wannan ba. A 1887 wani mataimakin Koch mai suna Julius Petri ya fito da ɗan farantin gilashi mai murfi da har yau ake kira da sunansa. A kan irin wannan faranti na aga ne Alexander Fleming ya lura da fenisilin a 1928.

Ga 'yan mata masu karanta wannan shafi, ku riƙe sunan matar nan. Fiye da shekara 140 ke nan, kuma har yanzu ba a samu abin da ya ture shawararta ba.

Abin da ke faruwa bayan an karɓi kwalbar fitsari

Idan likita ya tura mutum gwaji, aka karɓi fitsari ko bayan gida ko majina aka ce ya dawo jibi, mutane kan yi ƙorafin an ja musu rai. Ga abin da ake yi a tsakani. Ma'aikacin ɗakin gwaji yana auna garin aga, kamar giram 15 a lita ɗaya ta ruwa, tare da abincin da ƙwayoyin ke so. Sai ya dafa a tukunyar turiri a digiri 121 na minti 15 domin duk wata ƙwaya da ke ciki ta mutu, ya zuba a farantai, su daskare. Sai ya ɗauki ɗan abin da aka kawo da wata siririyar waya ya shafa a kai, ya sa a akwatin ɗumi ya kwana. Washegari kowace ƙwaya ɗaya ta hayayyafa ta zama ɗigon da ido ke gani. Ba a iya gaggauta wannan, kamar yadda ba a iya cewa gero ya tsiro ranar da aka shuka shi.

Farantan kala-kala ne. Akwai kore wanda ƙwayar kwalara ke fitowa ruwan ɗorawa a kansa. Akwai ja da ake zuba wa jinin tunkiya. Akwai wanda ake ɗumama jinin har ya koma ruwan ƙasa, ake ce masa agan cakulan, duk da babu ko ɗigon cakulan a ciki. Wannan na ƙarshen shi ƙwayar sanƙarau ke so.

Yayyenku za su tuna da annobar sanƙarau da ta fara daga Zamfara a ƙarshen 2016 ta shiga 2017. Kafin ta lafa, sama da mutum 14,000 aka yi zargin sun kamu a faɗin ƙasar nan, sama da 1,100 suka rasu, kuma Zamfara da Sakkwato da Katsina su suka fi jin jiki. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, shekaru kaɗan kafin nan an yi wa jama'a rigakafin sanƙarau nau'in A, wanda shi ne ya saba addabar yankinmu. Wannan karon kuwa nau'in C ne, kuma rigakafin A ba ya kare mutum daga C. A idon likita alamomin duk ɗaya ne: zazzaɓi, ciwon kai, sanƙarewar wuya. Sai an ɗebi ruwan laka an kai ɗakin gwaji ake bambance su, kuma shuka ƙwayar a kan aga na cikin hanyoyin da ake bi. Sai an san nau'in ake sanin rigakafin da za a nemo. Duk kwanan da aka yi ba a sani ba, rayuka ne. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabon rigakafin da ya haɗa nau'i biyar, har da A da C ɗin.

Daga aga ake kuma tace wani abu mai suna agaros, wanda ake tantance ƙwayoyin halitta na gado a kansa. Har a gwajin jini na sikila, idan sakamakon farko ya bar shakka, akwai gwaji na biyu da ake yi a kan aga. Duk wanda ya karanta aikin ɗakin gwaji, a jami'a ko a kwalejin kimiyyar lafiya irin ta Tsafe, zai yi mu'amala da wannan farin gari har ya gaji da ƙamshinsa.

Kuma duk shigo da shi ake yi. Mafi ingancin aga na asibiti daga wani nau'i mai suna Gelidium yake fitowa, wanda har yanzu masu nutso ke tsinkowa a teku, musamman a gaɓar Maroko. Da Maroko ta taƙaita fitar da shi domin kada ya ƙare, sai da ɗakunan gwaje-gwaje na duniya suka ji a jikinsu a 2015.

To ina maganin?

Tsiron da ke manne da dutse ba ya iya gudu. Kifi zai ci shi, ƙwayoyin cuta za su hau shi, wasu tsirrai za su rufe shi. Makaminsa kawai sinadarai ne masu ɗaci ko guba, kamar dai yadda tumfafiya ke kare kanta da farin ruwan nan nata. Waɗannan sinadarai su masana ke farauta, domin abin da ya kashe ƙwayar cuta a jikin tsiro yana iya kashe ta a jikin mutum.

Mutanen gaɓar Japan sun daɗe suna ba yara wata jar gansakuka mai suna Digenea domin tsutsar ciki. A 1953 masana a can suka ware sinadarin da ke wannan aiki, suka kira shi asid ɗin kainik, aka kuma yi maganin tsutsa da shi. Gargajiya ta yi gaskiya. Amma daga baya aka gano cewa idan ya isa ƙwaƙwalwa, yana zaburar da jijiyoyi har su lalace. A yau babban amfaninsa shi ne a jawo wa ɓeraye farfaɗiya da shi domin a yi nazarin cutar. Yana da ɗan uwa, asid ɗin domoik, wanda shi ma a jikin wata jar gansakuka aka fara gano shi. A 1987 a gabashin Kanada, mutane suka ci wasu halittun teku masu ɓawo da suka tara wannan sinadari daga wata ƙaramar gansakuka ta daban. Sama da mutum ɗari suka kwanta, aƙalla uku suka mutu, wasu kuma suka rasa ikon riƙe sabon abu a ƙwaƙwalwa. Duk wannan daga abin da ba hannun ɗan Adam ya haɗa ba.

Wanda ya fi shahara shi ne karajinan. Shi kam wataƙila kun sha shi ba ku sani ba. Ku duba bayan kwalin askirim, ko madarar cakulan, ko man goge baki. Idan kun ga an rubuta carrageenan ko E407, shi ne. Aikinsa ya sa abu ya yi kauri. Mata a tsibirin Zanzibar na Tanzaniya suna noma gansakukar da ake tatso shi tun 1989, suna ɗaure ta a igiyoyi a ruwa mara zurfi, su girbe su shanya kamar yadda ake shanya kuɓewa.

A cikin kwalbar gwaji, karajinan yana manne wa ƙwayoyin bairos ya hana su shiga ƙwayoyin jiki, har da bairos mai karya garkuwar jiki, wato HIV. Wannan ya sa aka haɗa wani man kariya na mata da shi mai suna Carraguard, aka gwada shi a Afirka ta Kudu daga 2004 zuwa 2007 a kan mata sama da 6,000. Ku lura da yadda aka yi. An raba matan gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka ba su man gaske, rabi aka ba su wani mai kama da shi wanda babu maganin a ciki, kuma ba matan ba, ba ma'aikatan da ke duba su ba, babu wanda ya san wa ke da wanne. Da aka ƙirga, mata 134 suka kamu a ɓangaren man gaske, 151 a ɗaya ɓangaren. Wani zai ce ai ga bambanci nan. Masu lissafi suka ce wannan ɗan bambanci a cikin dubban mutane yana iya zama dace kawai, kamar ka jefa kwabo sau ɗari ka samu kai sau 53. Aka bayyana a 2008 cewa man ba ya cutarwa, amma ba a tabbatar yana karewa ba. Shekaru da kuɗi masu yawa suka tafi. A ganina ba asara ba ce, domin da an sayar wa mata shi da alƙawarin kariya, da wasu sun saki jiki sun kamu.

Yanzu akwai maganin feshin hanci na mura da ake yi da karajinan, ana sayar da shi a Turai. Wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna yana ɗan rage kwanakin mura. Iyakarsa ke nan.

Wanda masana suka fi sa wa rai shi ne girifisin. An ba da rahotonsa a 2005 daga cibiyar binciken ciwon daji ta Amurka, daga wata jar gansakuka da aka ɗebo a tekun New Zealand. Sunan ma yana da tarihi: an raɗa wa gansakukar sunan Amelia Griffiths, wata 'yar Ingila da ta ƙarar da rayuwarta tana tattara tsirran teku, ta rasu a 1858. Jikin bairos na HIV lulluɓe yake da wasu nau'in sukari, shi kuma girifisin kama su yake yi ya riƙe, sai bairos ya kasa buɗe ƙofar shiga. Ɗan mitsitsi ya isa ya yi aiki a kwalbar gwaji, kuma ya nuna irin wannan ƙarfi a kan wasu dangin korona. Da yake ba za a iya kwashe gansakukar teku a tatso shi da yawa ba, sai aka ɗauki ƙwayar gadon da ke haɗa shi aka sa wa wani tsiro ɗan uwan taba, ganyen ya riƙa samar da shi. An yi gwajin farko a jikin mutane ƙalilan. Amma kusan shekara ashirin bayan gano shi, bai zama maganin da likita zai rubuta maka ba. Haka hanyar take: faranti, dabba, mutane gommai, ɗaruruwa, dubbai. Kusan tara cikin goma na sinadaran da suka kai matakin gwaji a jikin mutum ba sa tsallakewa.

Masu talla a waya

Na kawo duk wannan ne saboda abin da ke yawo a TikTok da Instagram da WhatsApp. Ana tallar wani kunu mai yauƙi a kwalba da sunan sea moss, wanda jar gansakukar teku ce aka jiƙa aka markaɗa. Ana cewa yana gyara fata, yana rage ƙiba, yana maganin suga da hawan jini da rashin haihuwa. Ku da ke riƙe da wayoyin gida, ku ne iyaye ke tambaya ko gaskiya ne.

Abinci ne, mutanen Ailan da Jamaika sun daɗe suna cin sa. Amma babu wani babban gwaji irin na Carraguard da ya nuna yana warkar da waɗannan cututtuka. Kuma yana da nasa haɗarin. Tsirran teku suna tara sinadarin aidin, wanda babba ke bukatar maikurogiram 150 kacal a rana, kuma muna samu a gishirinmu. Rashinsa na kawo maƙoƙo, yawansa ma na rikita wannan halitta ta maƙogwaro. Suna kuma zuƙar ƙarafa masu guba daga ruwan da suka tsiro a ciki, har da dalma idan ruwan gurɓatacce ne. Mu a Zamfara ba sai an yi mana bayanin dalma ba, bayan abin da ya faru a Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Mai kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC ba zai iya faɗa maka daga wane ruwa aka ɗebo kayansa ba. Babban abin tsoro shi ne mai ciwon suga ya ajiye maganin asibiti ya koma wa kunun.

Sabara, marke da bagaruwa a kan faranti

Ba mu da teku, amma muna da daji, kuma muna da kakanni da suka san shi. Ku leƙa rumfar masu saiwoyi a kasuwar Tsafe ko Gusau: sabara, marke, bagaruwa, hano, kalgo, dogon yaro. Tambayar da aka yi wa Digenea a Japan ita ce ta dace da kowannensu: wane sinadari ne ke aikin, nawa ne ya isa, nawa ne ya yi yawa?

A nan ne gansakukar teku ke sake shigowa. Ɗalibin da ke son gwada ɓawon marke zai shafe farantin aga da ƙwayar cuta, ya huda 'yan ramuka, ya ɗiga ruwan ɓawon a ciki, ya sa a akwatin ɗumi. Idan washegari ya ga da'ira fayau kewaye da ramin, inda ƙwayar ta kasa tsirowa, sai ya auna faɗinta da milimita ya kwatanta da ta maganin asibiti. Wanda ke son sanin ko hano na rage kumburi kuwa, karajinan zai nema. Tun 1962 aka gano cewa idan aka yi wa ɓera allurarsa a tafin ƙafa, ƙafar kan kumbura cikin 'yan sa'o'i. Sai a ba wasu ɓerayen maganin da ake gwadawa, a hana wasu, a auna ƙafafun. Ɗalibai da malamai a tsangayoyin haɗa magunguna na Zariya da Sakkwato sun gwada tsirranmu da dama ta wannan hanya. Ku duba abin mamaki: abin da ke sa askirim kauri, a ƙarƙashin fata kumburi yake jawowa. Hanyar da abu ya bi ya shiga jiki tana canza aikinsa.

Inda nake da ƙorafi shi ne, yawancin binciken namu a da'irar nan yake tsayawa. A auna milimita, a rubuta cewa tsiron na da amfani, a ɗaure kundin a ajiye a kabad. Alhali sabulu ma zai ba ka da'ira, ruwan bilic zai ba ka wadda ta fi ta kowa faɗi, kuma babu mai shan su. Bagaruwa tana kashe ƙwayoyi a faranti saboda sinadarin nan mai bauri da majema ke jeme fata da shi. Ko zai isa inda cutar take a cikin jiki, ko zai taɓa hanta da ƙoda, faranti ba ya faɗa. Akwai kuma matsalar da ta kayar da halomon, wani sinadarin jar gansakuka da ya nuna ƙarfi a kan ƙwayoyin ciwon daji a 1992: yawansa a jikin tsiron yana bambanta daga wuri zuwa wuri, aka kasa samun isasshe. Sabarar da aka yanko da damina a Kwatarkwashi ba lallai ƙarfinta ya zama ɗaya da wadda aka yanko da rani a Tsafe ba. Mai auna magani da tafin hannu ba shi da hanyar sanin wannan.

Ana iya wuce da'irar, kuma an taɓa yi a ƙasar nan. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, NIPRD, ta karɓi wani haɗi daga hannun wani mai maganin gargajiya, wanda ya ƙunshi masoro, kanumfari, ganyen dawa da wani jan itace na kudu. Aka daidaita awonsa, aka gwada shi a kan masu sikila, aka ga yana rage yawan tashin ciwon. Shi ne Niprisan, wanda ya shiga kasuwa a 2006 da sunan Nicosan, kodayake bayan 'yan shekaru kamfanin da ke yin sa ya durƙushe, maganin ya yi wuyar samu. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake rubuta mana yanzu ma daga wani tsiro ɗan uwan tazargade ya fito, kuma Tu Youyou, 'yar ƙasar Sin da ta jagoranci gano shi, ta samu kyautar Nobel a 2015.

Duk wanda wannan aiki ya burge shi, darussan da zai riƙe su ne Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, tare da Turanci da Lissafi. Su ne ke buɗe ƙofar karatun ƙwayoyin cuta ko sinadaran jiki a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko haɗa magunguna da aikin ɗakin gwaji a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Ahmadu Bello. Kada ku raina Lissafi. Shi ne ya raba 134 da 151.

Kafin nan, ƙungiyar kimiyya ta makarantarku na iya yin wani ƙaramin gwaji idan malami ya samo farantan aga guda uku da aka riga aka dafa. A kan na farko ɗalibi ya danna yatsunsa bayan an dawo daga tara. A kan na biyu ya danna bayan ya wanke hannu da sabulu ya bar shi ya bushe. Na uku kada a buɗe shi ko kaɗan, domin shi ne zai nuna ko farantan sun gurɓace tun da farko. A rufe, a naɗe bakinsu da salatef, a rubuta kwanan wata, a kife su a wuri mai inuwa na kwana biyu. Ku ƙirga ɗigogin ta bayan murfi, ku zana su. Kada wanda ya buɗe farantin bayan ƙwayoyin sun tsiro, kada a shinshina, kuma malami ne zai jiƙa su a ruwan bilic ko ya mayar wa ɗakin gwaji a dafa su kafin a zubar.